Zuleha da Zabin Kurmin Tsallake

Har yau a Zangon Salaga akwai masu cewa yayata Zuleha ta mutu da taɓin hankali. Duk mai wannan magana a bakinsa ya zo ya faɗa a gabana. Ina nan rumfar gyaran keke kusa da tashar motocin Tamale, ba inda nake zuwa. Ni ne Garuba, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, kuma da hauka ce da ni zan fara sani. Taurin kai kam ban musa ba. A gida muka gaje shi, sai dai ita ta kwashi kaso mafi tsoka.

A Bawku aka haife mu. Babanmu fataucin albasa yake yi zuwa Kumasi, innarmu kuwa 'yar ƙauyen bayan gari ce, a daji ta tashi. Da damina ta faɗi sai ta ja Zuleha su tafi tsintar kaɗanya, a nan ta koya mata sana'ar da ta riƙe ta har tsufa, wato neman gurbin zabuwar daji. Akwai ƙa'ida. Ba a sa hannu a gurbi, da dogon ludayi ake ɗebo ƙwai, don innarmu ta ce in zabuwa ta ji warin mutum ba ta komowa. Ba a kuma kwashewa duka, sai a bar mata abin da za ta kwanta a kai. Wanda aka ɗebo a kawo gida a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Haka gidanmu ya cika da zabi ba tare da an taɓa sayen ko guda ba.

An yi wa Zuleha aure a Yendi, gidan malamai. Mijinta Issahaku mutumin kirki ne, doya yake saya a Bimbila yana sayarwa. Ta haifi 'ya ɗaya da ta rayu, Ashetu, ta aurar da ita a can Yendin. Da Issahaku ya rasu sai ta ce ba za ta zauna a gidan suruki ana auna mata tuwo ba, ta ɗaure kayanta ta taho wurina Salaga. Wannan a shekarar yunwa ke nan, 1983, lokacin da wuta ta cinye gonaki, ga kuma 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje, kowa da bakinsa.

Ba ta yi wata guda ba ta gano Kurmin Tsallake. Wuri ne a bayan gari, sai ka haye wani ɗan rafi kafin ka kai shi, shi ya sa ake kiransa haka. Akwai tsamiyoyi da kaɗanya da sarƙaƙiya, ga wata tsohuwar rijiya irin ta mutanen da, wadda ba ta ƙafewa. Wutar shekarar ba ta taɓa shi ba, saboda haka duk zabin daji da makwarwa da ke kewayen suka tattaru a can. In ka je da safe sai ka toshe kunne don kukansu. Da ƙwan wurin nan Yaya ta riƙe gidana a shekarar da maza masu gemu suka rasa abin kai wa iyali. 'Ya'yana sun rayu, kuma na san bayan ikon Allah da me suka rayu. Ita ma ta sani, shi ya sa take ganin zabin nan suna da haƙƙi a kanta.

Da damina ta gyaru a shekarun da suka biyo baya, masara ta cika rumbuna da shaguna, ɓeraye kuma suka zo cin rabonsu. Sai kowane ɗan kasuwa ya nemi kyanwa. Har daga Yendi da Tamale ake kawo su a kwando. Sun yi aikinsu, ban hana musu ba. To amma kyanwa ba ta san ta huta da haihuwa ba, kafin ka juya gida ya cika da 'ya'ya suna kuka a ƙarƙashin gado suna ɓata tabarmar salla.

Mu kuwa a Zango ba a kashe kyanwa. Tun muna yara ake tsorata mu cewa alhakinta ba ya barin mutum, wanda ya kashe ta hannunsa zai yi ta rawa, kuma ba a cin abin da ya dafa. Sai aka samo dabara wadda kowa ke gani tausayi ce. A zuba 'ya'yan a buhu, a kai su daji, amma dole a haye ruwa da su, don an ce kyanwar da ta haye ruwa ba ta gane hanyar gida. A nemi wuri mai inuwa da abin sha a kwance bakin buhu, a ce Allah ya ba ku naku abincin, a juyo gida zuciya fari fat ana ganin an yi aikin lada. To ku gaya mini, a duk kewayen Salaga ina ne mafi kusa da ke da rafin hayewa da inuwa da rijiya? Kowa Kurmin Tsallake yake nufa.

Abincin da Allah ya ba su kuwa, 'yan tsakin zabi ne. Zabuwa a ƙasa take kwanci, makwarwa ma haka, 'ya'yansu a ƙasa suke yawo kafin su yi fiffike. Yaya ta fara dawowa da ludayinta ba komai a ƙwarya. Tana tarar da gurbi a watse, gashi ko'ina, wani lokaci har uwar an cinye ta a kan ƙwanta an bar ƙafafu. Da ta yi magana sai mutane suka ce ai damo ne. Samari suka samu abin da suke so, suka bi damon kurmin da sanduna suna gasawa, har ya zama da wuya ka ga guda. Yaya ta ce damo yana wurin tun kafin a haifi kakanninsu, zabi kuma ba su ƙare ba, me ya sa sai yanzu? Ta je ta zauna a gindin tsamiya tun hantsi har azahar, ta ga abin da idonta. Wani muzuru ne ƙato, ya yi kai kamar ƙwarya, ya bi layin 'yan tsaki yana kama su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ko ci bai yi ba. Ta dawo gida ba ta iya cin tuwo ba. Ban taɓa ganin ɓacin rai irin wannan a fuskarta ba, ko ranar da aka aiko mana da mutuwar babanmu.

Daga ranar ta shiga mayar wa mutane kayansu. Tana zuwa tun da sassafe, in ta tarar da sabon buhu da 'yan kyanwa suna rarrafe kusa da shi, sai ta tattara su ta aza a kai ta hayo rafi. Gane mai shi ba wuya, domin kowane dillalin masara yana da alamar da yake shafa wa buhunansa da fenti don kada su ɓace a mota. Sai ta je ƙofar gida ta yi sallama da ladabi, ta gaida matan gida, ta tambayi yara, sannan ta sauke buhu a tsakar gida ta ce ga ajiyarku kun manta a daji. Wasu su yi dariya, wasu su zage ta, ita dai ta juya abinta.

Abin ya fashe ne a gidan Alhaji Abdul-Mumuni, babban dillalin masara na garin. Ranar sunan jikansa ce, an cika maƙil, malamai na zaune ana rabon goro, sai ga Yaya da buhu mai jan fenti a kai. Ta durƙusa ta gaida malamai, ta yi wa mai jego barka, ta kwance buhu. 'Yan kyanwa suka watsu cikin taro, ɗaya ta faɗa cikin kwanon koko. Ni ina wurin. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma wallahi da na tuna fuskar Alhaji har yau sai na yi dariya ni kaɗai.

Alhaji ya kai ƙara wurin Sarkin Zango, aka kira ta, aka kira ni a matsayin namijin gidan, aka zaunar da Liman Sidiku. Ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba, maganarsa da ma'ana. Ya ce shi ba mugu ba ne, tsoron Allah ne ya sa bai jefa su a rijiya ba, kuma in babu kyanwa ɓera zai cinye abincin da garin nan ke ci. Ya ce daji na Allah ne, ba na Mma Zuleha ba. Sarki ya juyo ya ce ta ba Alhaji haƙuri a wuce wurin.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ba shi haƙuri a kan taronsa da na ɓata. A kan buhu kuwa ban ba shi ba, gobe ma in na gani zan kawo. Kuna tsoron alhakin kyanwa, na ji. Ita zabuwa ba rai gare ta ba? Kun ɗauki yunwar gidanku kun kai wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kun dawo kuna jiran lada."

Liman Sidiku mutum ne mai gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Ya ce wanda ya ajiye dabba shi ke da nauyin ciyar da ita, yar da ita a daji ba sauke nauyi ba ne, saboda haka ba wanda zai hana Zuleha mayar wa mai kaya kayansa. Sai ta tambaye shi waɗanda suka riga suka girma a can fa, suka zama na daji, suna hayayyafa, ba su da gidan da za a mayar da su? Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce malamai sun yi magana a kan dabba mai ɓarna, amma shi ba zai sa ta ba, ba zai kuma hana ta ba, ta je ta yi shawara da zuciyarta. Kowa a zauren ya gane abin da ake nufi, ba kuma wanda ya yi zaton za ta iya.

Ta iya. Ta sa na gyara mata akurkin kaji da wayar keke, ƙofa na faɗawa in an taɓa abin da ke ciki. Ta sayi busasshen kifin da ake kawowa daga garin Makango ta sa. Duk wanda ya shiga, sai ta yi bisimilla ta gama da shi nan take ba tare da azabtarwa ba, ta haƙa rami ta binne. Ranar farko ta dawo idanunta jawur, ta shige ɗaki ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Ta gaya mini ba ta ƙin kyanwa, ko kusa, kyanwar ma ba ita ta kai kanta can ba. Amma tunda gari duka ya wanke hannunsa, dole wani ya ɗauki abin, kuma gara ita da ta riga ta tsufa.

Zango ya juya mata baya. Man kaɗanyarta da ake rububi ya zauna a ƙwarya ba mai taya shi. Da can ba a biki sai an kira ta ta tsaya a kan tukunyar waken shinkafa, yanzu ko cokali ba a bari ta taɓa. Mata na leƙen hannunta a wurin ɗiban ruwa su ga ko ya fara rawa, ita kuwa sai ta miƙa musu shi har gaban hanci ta ce su duba da kyau. Har matata ta ware mata kwano. A nan ne na yi faɗan da maƙwabta suka shigo rabo, na ce kwanon da Yaya ta ci a ciki zan ci, wanda bai so ba ga ƙofa. Ashetu ta taso daga Yendi tana kuka, wai dangin mijinta na yi mata gori, ta roƙi uwarta ta bari ko don ita. Wannan ya taɓa Yaya ƙwarai. Ta rungume 'yarta, ta lallashe ta, ta haɗa mata zabi biyu na tsaraba, washegari kuma ta ɗauki akurkinta ta haye rafi.

Kuma abin ya yi amfani. Masu buhu suka ragu, ba don sun yarda da ita ba, sai don kunyar a dawo musu da shi a gaban baƙi. Wajen 1990 kukan zabi ya fara dawowa kurmin, makwarwa ma ana jin ta da yamma. Yaya ta daina ɗiban ƙwai gaba ɗaya, ta ce sai sun murmure. Zabinta na gida kawai take kiwo, jikokin waɗanda ta ɗebo a shekarar yunwa.

Sai rikicin ƙabilanci na 1994 ya zo. Ba zan shiga zancen wa ya fara ba, an mutu ta kowane ɓangare, mun binne waɗanda muka sani. Mutanen kudu suka sa masa suna yaƙin zabo, wai don a kan cinikin zabo faɗan ya tashi, sunan da in Yaya ta ji sai ta yi tsaki ta ce a bar baiwar Allah ta huta, ba ita ta ɗauki bindiga ba. Ƙauyukan kewaye suka watse, aka gudu aka bar gidaje da kyanwoyinsu. Hanyar daji ta zama ba mai bin ta, ni da kaina na ɓoye mata akurki na tsare ƙofa, muka yi ta zage-zage kamar ba ciki ɗaya muka fito ba. Daminar shekarar duka ba ta taka kurmin ba.

Da aka samu lafiya na raka ta. Tun daga bakin rafi na san an gama, domin ba ka jin komai sai kukan kurciya daga sama. Kyanwoyin ƙauyukan da aka bari, yunwa ta koro su wurin ruwa, suka tarar da abinci a shimfiɗe. Muka zaga har rana ta take, ko sawun zabo ɗaya ba mu gani ba. Na ce mata, Yaya, kin yi iyakar yinki, Allah ya gani, mu tafi gida. Ko kallona ba ta yi ba.

Rani guda ta yi tana kafa tarko, har ta daina kama komai. Da damina ta matso sai ta yi abin da ya sa aka ce ta haukace. Ta kama zabinta na gida kaf, duk abin da ta mallaka a duniya ke nan, ta sa na ɗaura kwanduna a keke, muka kai su kurmin ta sake su. Ta ce jininsu daga nan ya fito, nan za su koma. Ta kuma kafa bukka a gindin tsamiya kusa da rijiya ta ce ta tare.

Mutane suka yi ta dariya. Wanda duk ya taɓa kiwo ya san zabuwar gida ba ta iya kwanci ba, sai ta zubar da ƙwai ta tafi yawonta, kaza ce ke yi mata wahala. Waɗannan kuwa kaza ta ƙyanƙyashe su, ta ƙyanƙyashe iyayensu. Aka ce za su tsufa su mutu ɗaya bayan ɗaya, in shaho da muzuru sun bar su, a tashi ba zabi ba tsohuwa. Ni ma a raina haka na gani. Na ce mata ko kaza ɗaya ta bari in kawo, ta ce in na kawo kaza a miya za ta sa ta. Tana so su koya da kansu, don ita ba za ta dawwama tana yi musu reno ba.

Daminar farko suka zubar da ƙwai ko'ina ya ruɓe. Ta biyu wata ta kwanta, ruwa ya cinye gurbin. Garken yana raguwa, Yaya ma tana raguwa. Ina kai mata gari da gishiri a keke, kullum da roƙon ta dawo, kullum da amsa ɗaya. Sarkin Zango ya aiko, Ashetu ta zo ta tafi, har Alhaji Abdul-Mumuni ya aiko mata da masara, ta karɓa ta yi godiya ta watsa wa zabi.

A damina ta uku tari ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Na je na same ta ba ta iya tashi daga tabarma. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, na ce yau ko tana so ko ba ta so sai na kai ta asibiti, in ya so ta tsine mini. Na sunkuya zan ɗauke ta, ta riƙe mini riga da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

Ta ce, "Garuba, kai dai ba ka da haƙuri tun kana goye. Zauna ka rufe mini baki."

Na zauna ina huci. Muna nan zaune har inuwar tsamiya ta gota. Can sai ciyawa ta motsa ta wajen rijiya, wata zabuwa ta fito tana taku a hankali, tana miƙa wuya tana dube-dube. A bayanta ga 'yan tsaki, ƙanana masu zane a ka, suna tuntuɓe da juna suna bin ta. Ba kaza a gabansu. Uwarsu ce ta kwanta a kansu cikin sarƙaƙiya, ta fito da su da kanta. Ni da na zo da faɗa sai ga hawaye na bin gemuna.

Yaya ta bi su da ido har suka sha ruwan da ya taru a bakin rijiya suka koma cikin ciyawa. Sannan ta saki rigata.

Ta ce, "To, ɗauke ni. Amma ta cikin kasuwa za ka bi da ni, ina da maganar da zan gaya wa mutanen Zango."

Ta cikin kasuwa na bi da ita, a bayan keke, tana riƙe da ni. Muryarta ba ta fita, saboda haka duk rumfar da muka wuce sai ta taɓa mini baya in tsaya, ni in faɗa da ƙarfi cewa zabuwa ta ƙyanƙyashe a Kurmin Tsallake. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.